Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Bana

Salam 'yan uwa membobi. Ga rahoton bana, ni na sake rubutawa tunda ba wanda ya karɓa.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da biyu da aka ɗage.

Ranar baje koli kam wallahi ta yi kyau. Wasan tsallake katanga ne ya ja mutane, ka tsaya gaban kyamara, manhajar gane motsin jiki ta MediaPipe na bin jikinka da ɗigo 33 tun daga hanci har yatsun ƙafa, ita kuma p5.js, manhajar zana hotuna masu motsi, na jefo katangu a bango ta furojekta, ko ka duƙa ko ka yi tsalle. Da tsohuwar Kinect ɗinmu, kyamarar wasan bidiyo mai gane motsin jiki, muka so yi, to ita da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, take auna nisa, rana na leƙowa ta taga sai ta rikice, ga shi Microsoft ta daina ƙera ta tun 2017, in ta lalace shi ke nan. Sai muka koma kyamarar laftof. Yara suka riƙa kutsowa bayan mai wasa, ɗigon su bar shi su koma kan yaran, dole muka manna salatif a ƙasa muka ce kar wanda ya haura. Layi har bakin ƙofa. Wani dattijo ya tuɓe takalmi ya shiga, ya duƙa wa katanga ta uku ya kasa miƙewa da wuri, aka yi ta dariya har da shi, ya ce a sake masa daga farko.

Masu tambaya a guruf ina aka kwana kan tabarmar rawa, wato tabarmar wasa mai sensa da ke gane inda aka taka, ba a gama ba, kuma ba lalaci ba ne. Matsalar taku ɗaya da sensa ke ƙirgawa uku saboda girgiza mun gyara ta a kod. Amma Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ke karanta sensa, ƙafar analog 6 gare ta, wato wurin jona sensa, tabarmar kuma gida 9 ce, sai an sayo ƙarin kaya, da me za a sayo? Kuɗin wata ko rabinmu ba sa biya. Na tura saƙo, na kira, wasu sun karanta sun yi shiru, amma ranar baje koli su ne a gaban hoto. Wayoyi da batura daga aljihun mutum uku suka fito, kuma har yau ba a mayar masu ba.

Mai bashi ya biya kafin taro na gaba don Allah. A ranar kuma za a zaɓi wanda zai karɓi littafin kuɗi, ni dai na gaji.