Wasiƙa daga Kiyoto: Lambun Duwatsu na Ryoanji

Kiyoto, Japan
Ƙarshen watan Nuwamba

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Baba? Yaya Hajiya da yara, yaya kuma sanyin Katsina? Ni ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Karatu yana tafiya, sanyi kuwa ya fara shiga sosai, ganyayen itatuwa duk sun rine sun koma ja da ruwan ɗorawa kafin su kaɗe.

Ka sha yi mini ƙorafi cewa hotuna kawai nake turo maka a waya, babu bayani. To, yau na zauna na rubuto maka da tsawo, domin na je wani wuri da hoto ba zai isar maka da shi ba, kuma tun ina can kai da Baba nake ta tunawa. Sunan wurin Ryoanji, wani tsohon gidan ibada ne na mabiya addinin Buda a arewa maso yammacin Kiyoto, a gindin tsaunukan da suka kewaye birnin.

Na san abin da za ka fara tambaya, don haka bari in kawar da shi. Kallo ya kai ni, da neman sanin tarihin mutanen da nake zaune a cikinsu. Ban rusuna wa komai ba, ban kunna turare ba, kuma babu wanda ya nemi in yi. Kuɗin shiga kake biya a ƙofa, ka cire takalmi a inda aka ce a cire, ka kiyaye hayaniya, shi ke nan. Akasarin waɗanda na tarar ma ’yan yawon buɗe ido ne da ɗaliban makaranta. Ina ganin mutum zai iya riƙe addininsa gam, ya kuma kalli aikin hannun wasu da idon adalci, Allah ma cewa Ya yi mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba.

Ƙarfe 8 na safe suke buɗewa a wannan lokaci na shekara, kuma wani abokin karatuna ya ba ni shawara in yi sammako kafin motocin baƙi su iso. Wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira Randen na hau, na sauka, na ɗan taka a ƙasa ta cikin unguwa har bakin ƙofa.

Kafin in kai ka lambun, sai ka ji tarihin, don shi ya sa na kalli wurin da wani ido dabam. Kiyoto ce fadar sarkin Japan tun daga shekarar 794 har zuwa 1868, shekara dubu da ɗoriya. Filin da Ryoanji yake a kai da can gidan shaƙatawa ne na wasu manyan fadawa daga zuriyar Fujiwara. A shekarar 1450 wani babban basarake mai suna Hosokawa Katsumoto, wanda yake kamar waziri ga shugaban mulkin sojan ƙasar, ya mallaki filin ya mai da shi gidan ibada na ɗariƙar Zen. Ita Zen daga Sin ta shigo Japan, kuma abin da ta fi ba wa muhimmanci shi ne dogon zama shiru da horar da zuciya, fiye da yawan karance-karance.

Ga inda abin yake ɗaure kai. Shekara 17 bayan nan, a 1467, yaƙin basasa ya ɓarke a cikin Kiyoto, wanda ake kira Yaƙin Onin. Rigimar gadon mulki ce ta haɗu da tsohuwar gaba tsakanin manyan gidaje, kuma shi wannan Katsumoto ne jagoran ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren kuwa surukinsa ne, Yamana Sozen. Shekara goma ana gwabzawa a cikin unguwanni, aka ƙone mafi yawan birnin ƙurmus, har da Ryoanji ɗin da shi kansa ya gina. Su biyun duka suka mutu a 1473, yaƙin bai ƙare ba sai 1477, kuma babu wanda ya ci riba. Masamoto, ɗan Katsumoto, ne ya sake gina wurin a 1488. Gobara ta sake cinye shi a 1797, sai aka ciro wani gini daga wani ƙaramin gidan ibada da ke cikin harabar aka kafa a gurbin wanda ya ƙone. Wannan ginin ne na shiga. Malam Sani, ka ga wurin da duniya take zuwa neman natsuwa, ashe mai hannu a ƙone birni ne ya kafa shi.

Da ka cire takalmi sai ka bi wani dogon daɓe na katako, santsi gare shi saboda ƙafafun da suka daɗe suna goga shi, sanyinsa kuma har cikin safa. Kana karya kwana sai ga lambun a gabanka, a ƙasan baranda. Kada ka sa ran fure ko bishiya ko ruwa, babu ko ɗaya. Fili ne mai kusurwa huɗu, tsawonsa kamar mita 25, faɗinsa kamar 10, an shimfiɗe shi da farar tsakuwa. An ja manjagara a kan tsakuwar, layi-layi a miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sai a kusa da duwatsu layukan su lanƙwasa su zagaye su. Duwatsun guda 15 ne, an kasa su gida biyar: biyar a wuri ɗaya, sai biyu, sai uku, sai biyu, sai uku. Kowane rukuni yana zaune a kan ɗan tudun gansakuka kore. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Ba a shiga, a baranda ake zama a kalla.

Abin da aka fi yayatawa shi ne duk inda ka zauna a barandar ba za ka ga duwatsun 15 gaba ɗaya ba, dole wani ya ɓuya a bayan wani. Na gwada, na matsa hagu na matsa dama, haka abin yake, wanda ya fito sai wani ya ɓace. A kusa da ƙofar shiga sun ajiye ɗan ƙaramin samfurin lambun domin makafi su shafa da hannu su san yadda aka jera duwatsun, wannan tunani nasu ya burge ni ƙwarai. Fassarar lambun kuwa kowa da tasa. Wasu sun ce tsibirai ne a cikin teku, wasu sun ce kawunan tsaunuka ne da suka huda gajimare, wata tsohuwar magana kuma ta ce damisa ce take haye kogi da ’ya’yanta. Wanda ya tsara shi bai bar rubutu ba. Ni dai ban tsaya neman damisa ba. Na zauna, na ga yadda tazarar da ke tsakanin rukunonin ta zauna daidai, babu inda ya cushe babu inda ya yi wayam, har ka ji in an gusar da dutse ɗaya da taƙi guda komai zai lalace. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Amma abin da ya fi riƙe ni, wanda kuma ya sa na ɗauki alƙalami, katangar da ta kewaye lambun ce. Ta ƙasa ce, Malam Sani. Yumɓu ne aka kwaɓa da man da ake tatsa daga ƙwayar wani tsiro, aka daddale shi hawa-hawa, aka yi mata ɗan rufi na siraran katako a ka don kada ruwa ya ci ta. Da shekaru suka tura, man ya riƙa tsattsafowa, ya bar zane-zane a jikinta, nan ja-ja, nan baƙi-baƙi, nan toka-toka, babu mai fenti da zai iya shirya irinsa. Nan take na tuna Baba yana dafa makuba daga ɓawon ɗorawa yana shafe soro kafin damina, yana ce mana ginin ƙasa ba ya tsufa sai in an yi masa sakaci. Dabarar ɗaya ce, a ba wa ƙasa abin da zai hana ruwa shigarta. Wani ma’aikacin wurin ya nuna mini cewa katangar tana raguwa a tsayi kaɗan-kaɗan zuwa kusurwa mai nisa, don ido ya ga filin ya fi yadda yake zurfi, kuma shi kansa filin an ɗan karkata shi don ruwan sama ya samu hanyar fita. Ƙasar nan ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya a farkon bazararsu, ga guguwar teku, ga girgizar ƙasa, amma katangar ƙasa tana nan tsaye. Ba su rushe ta sun sa bulo ba, kuma ba don ba su da siminti ba ne.

Tun daga nan sai kallona ya juya daga duwatsun zuwa ga hannuwan da ke bayansu. Dutse ba ya buƙatar kowa, in ka ajiye shi zai shekara dubu. Tsakuwa kuwa iska tana watsa ta, ruwa yana baje layukanta, ganye yana faɗowa a kai, ciyawa tana tsirowa, gansakuka tana son ta yaɗu ta wuce iyakarta. Masana sun kasu a kan lokacin da aka tsara lambun, wasu sun kai shi ƙarshen ƙarni na 15, wasu sun ce sai a ƙarni na 17, amma akwai wani zane da aka buga a 1799 da ya nuna shi kusan yadda yake a yau. Ke nan ko da daga nan ka fara lissafi, sama da shekara 200 ana samun wanda zai ɗauki tsintsiya da manjagara ya shiga, ya ja layi, ya fito da baya yana shafe sawunsa, kafin baƙi su iso. Mai yi ya mutu, wani ya karɓa, aka yi yaƙe-yaƙe, mulki ya sauya, ba a fasa ba. A wurin masu zuhudun Zen shara da goge daɓe ba aikin yara ko barori ba ne, suna cikin horon da babba da ƙarami suke yi. Wannan shi ne abin da nake so ka gani da idonka.

Akwai kuma wani abu da ya taɓa mini zuciya. A bayan ɗaya daga cikin duwatsun an sassaƙa sunaye biyu, ɗaya Kotaro ne, ɗayan ya goge har ana saɓani a kan karatunsa. Da yawa suna ganin ma’aikatan da suka dasa duwatsun ne. A Kiyoto ta wancan zamani akwai wasu mutane da ake kira ’yan bakin kogi, waɗanda aka mayar ƙasƙantattu saboda suna fiɗa da jima da sauran ayyukan da ake ƙyama, amma a cikinsu aka samu gwanayen tsara lambu, har ɗayansu mai suna Zen’ami ya yi wa shugaban mulkin sojan ƙasar aiki. In hasashen nan gaskiya ne, to mutanen da ba a yarda a zauna da su ba su ne suka jera abin da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta zo ta tsaya a kansa a 1975, wanda kuma UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1994 tare da sauran tsofaffin wuraren Kiyoto. Sunan basarake yana cikin kowane littafi, nasu kuwa yana bayan dutse, ta gefen da mai zama a baranda ba ya gani. Kai da ka tashi a gidan magina ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Da jama’a suka fara yawa sai na tashi na zagaya bayan ginin. Can akwai inuwa da danshi, gansakuka ta rufe ƙasa, ga wani ɗan kwarmin dutse mai siffar tsohon kuɗinsu, ruwa yana zuba a ciki ta bakin gora. Irinsa ake wanke hannu da baki a ciki kafin a shiga ɗakin shan shayi, kuma da gangan ake yin sa ƙasa-ƙasa don kowa ya sunkuya.

Daga nan na gangara tafkin da ke ƙasan harabar, Kyoyochi. Ya girmi gidan ibadar da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin fadawan farko yake. A da agwagin ruwa masu ado sun yi yawa a cikinsa har ana kiran wurin da sunansu. Yawancin baƙi suna wuce shi da sauri, alhali a wannan wata shi ne ya fi ko’ina kyau, jajayen ganyaye sun kewaye shi, ga hotonsu kwance a cikin ruwan. A gefensa akwai gidan abinci da ake dafa awara a ruwan zafi, irin cimar masu zuhudu da ba sa cin nama. Awara ce fara sol, mai laushi, ba a soya ta ba. Na ci tawa da gishiri da citta, na bar romon da ake tsomawa, domin a nan sukan zuba giyar shinkafa a miya ko da babu nama, sai mutum ya yi ta tambaya.

Da rana na taka zuwa Kinkakuji, ginin nan da aka lulluɓe bangayensa da zinariya, wanda kake gani a kalanda, ba shi da nisa. Yana da kyau, babu musu, sai dai turereniya ba ta bari ka tsaya, kuma ginin na 1955 ne, domin wani matashin almajirin wurin ya cinna wa na asalin wuta a 1950. Ban daɗe ba na kama hanyar gida.

Ina da roƙo. In ka je gaida Baba, ka zauna da shi ka ɗauki muryarsa a waya yana bayanin yadda ake haɗa makuba daga farko har ƙarshe, da lokacin da ake shafa ta, da yadda yake gane ƙasar da ta dace da tubali. Akwai wani malami a sashenmu da yake nazarin ginin ƙasa, na ba shi labari ya nuna sha’awa sosai, ni kuma zan fassara masa. Na haɗo da hotunan katangar guda uku a cikin ambulan, ka nuna wa Baba ka faɗa mini abin da ya ce.

Ka gaida Hajiya da yara, da mutanen majalisa baki ɗaya. A ci gaba da sa ni a addu’a. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka har kullum,
Bashir