Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni ina kes ɗin fyaɗe yake maƙalewa

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa da fatan iyali lafiya.

Ranar Asabar a shirin rediyo kin bugo waya kin tambaye ni, wai kullum ana holen masu fyaɗe a gaban 'yan jarida, daga nan shiru, bayan wata biyu sai ki ga mutumin a majalisa yana shan shayi, to ina ake kai maganar? Lokaci ya ƙure ban amsa miki yadda ya kamata ba kuma abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na zauna na rubuto.

Hajiya doka dai akwai ta. Sashe na 282 da 283 na Final Kod, wato kundin dokar laifuffuka na Arewa, sun yi maganar fyaɗe da hukuncinsa, a 2015 aka sa hannu a dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane amma ita Abuja kawai ta shafa sai jiha ta karɓe ta da kanta, a watan Yunin 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, a Satumbar shekarar Kaduna ta yi dokar dandaƙa har da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14. Amma ni da nake raka iyaye kotu wallahi abin da nake gani shi ne kes da yawa ba ya ma isa gaban alƙalin da zai yanke wannan hukuncin.

Ga yadda tafiyar take. An kai ƙara caji ofis, DPO ya ba ɗan sanda mai bincike, a ɗauki bayani a kai yarinya asibiti, sai a tura kes ɗin sashen binciken manyan laifuffuka na 'yan sandan jiha, wato CID. Daga nan a kai mutumin kotun majistare, to majistare ba shi da hurumin sauraron fyaɗe, iyakarsa ya tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya tafi ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙararraki na ma'aikatar, lauyoyin gwamnati su duba su ce akwai hujja ko babu, in akwai sai a shigar a Babbar Kotu. Kin ga 'yan sanda na tarayya ne, ma'aikatar shari'a ta jiha ce, a tsakanin nan ne fayil yake kwana har ya yi ƙura. Mutumin da kika gani a majalisa sau da yawa beli ya samu saboda jinkirin, ba wanke shi aka yi ba, amma wa ya taɓa zama ya yi wa uwar yarinya wannan bayanin?

Akwai wata yarinya 'yar shekara 9 da na bi maganarta, ba zan faɗi gari ba. Uwar da ta ga halin da 'yarta take ciki sai ta gasa ta da ruwan zafi ta wanke kayan tas, kuma ban ga laifinta ba, kowace uwa abin da zuciyarta za ta ba ta ke nan. Sai bayan kwana biyar aka je asibiti. Kafin shawarar lauyoyi ta fito an yi wa ɗan sandan canjin wurin aiki, likitan da ya rubuta rahoto ya bar jihar, uban kuma ɗan acaɓa ne, duk zaman kotu ya rasa cinikin yini guda ga kuɗin mota, a je a ce an ɗage. Ana haka dattawan unguwa suka yi ta sintiri gidansa, a rufa asiri, yarinya mace ce gobe wa zai aure ta, Allah ma muna masa laifi ya yafe. Ranar da aka kira shaida babu kowa. Har yau in na tuna fuskar yarinyar nan ƙirjina nauyi yake yi.

Kuma ki sani a dokar shaida ta 2011, yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kotu ba za ta ɗaure mutum da maganarsa ita kaɗai ba sai da wata hujjar da ta mara mata baya. Shi ya sa rahoton likita da kayan nan da aka wanke suke da nauyi haka.

Don haka Hajiya in abin ya faru kusa da ke, Allah ya kiyaye, asibiti za a fara nufa kafin wanka, kayan jikinta a sa a ambulan ko a naɗe a takarda, kar a ƙulle a leda. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce an makara. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, Kaduna akwai Salama, Sakkwato akwai Nana Khadija, aikinsu ke nan, kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. A karɓi sunan ɗan sanda mai binciken da lambar wayarsa, a nemi lauyoyin FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, ko hukumar kare haƙƙin ɗan'adam su riƙa bibiyar fayil ɗin, don wanda ake tambayarsa duk sati ya fi saurin motsi.

Kin ce ke shugabar ƙungiyar mata ce a unguwarku. Roƙona gare ki, in an sa ranar kotu ku haɗa wa uwar kuɗin mota, mutum biyu su raka ta su zauna kusa da ita, in dattawa sun zo da maganar sulhu kuma su tarar da ke a tsakar gidan.

Na gode, a gaida yara.