Zuwa ga masu sayen bim da rodi a wajenmu

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, injiniyoyi, 'yan kwangila da oga-ogan walda da muke hulɗa da su. Da fatan ana lafiya, ya kasuwa ya iyali.

Tun da muka ajiye sikeli a ƙofar shago muka ce ba bim ko rodin da zai fita sai an auna a gaban mai kaya, wasu sun ji ba daɗi, wani Alhajinmu ma cewa ya yi shekara nawa muna tare sai yanzu za a fara ɓata masa lokaci. Ranka ya daɗe ka yi haƙuri, ga dalilin, amma sai na ɗan ja ku zuwa Amurka tukuna.

Wannan bim ɗin mai siffar H da kuke saya ana kafa sito da gidan mai da shi, wanda ya fara fitar da shi a Amurka wani kamfani ne da ake kira Bethlehem Steel a jihar Pennsylvania. Kafin nan in ana son ginshiƙin ƙarfe mai ƙarfi sai a ɗauko farantin ƙarfe da angul (ƙarfe mai siffar L) a yi ta hudawa ana haɗa su da ribit, wato ƙusar ƙarfe da ake doke bakinta ta riƙe, aiki mai cin lokaci ga nauyi, kuma kowace huda da kowane haɗi wuri ne da kuskuren ma'aikaci zai iya ɓuya. Sai wani injiniya Henry Grey ya ƙirƙiro injin da zai murza ƙarfe da zafinsa ya fito da bim guda sukutum mai faɗin kafaɗa ba haɗi ko ɗaya. Shugaban kamfanin Charles Schwab ya zuba kuɗi a kai lokacin da wasu ke ganin kasada ce, a 1908 suka fara murzawa, daga nan dogayen benayen New York suka samu abin tsayawa a kai. Gadar Golden Gate da aka buɗe a 1937 ma ƙarfensu ne.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne littafinsu. Kowane bim an rubuta tsayinsa, faɗin kafaɗarsa, kaurinsa, nauyinsa, da lodin da zai ɗauka lafiya in an ɗora shi a tazara kaza. Injiniya yana zaune a ofis zai buɗe littafi ya zaɓa, abin da aka kawo masa fili kuma shi ne abin da ke rubuce, lissafinsa kenan bai tashi a banza ba. Wallahi duk tsaron gini a nan yake, ƙarfen da aka zana a takarda ya zama shi ne aka kafa.

Kamfanin dai ya mutu. A yaƙin duniya na biyu ma'aikatansa sun kai wajen 300,000, sun ƙera jiragen ruwa sama da 1,000, amma daga baya ƙarfen waje mai araha ya shigo, ƙananan masana'antu masu narka tsohon ƙarfe da lantarki suka kwashe kasuwa, ga kuɗin fansho ya yi musu katutu. A 1995 aka kashe wuta a masana'antar garin Bethlehem, 2001 suka bayyana sun karye, 2003 aka sayar da abin da ya rage. Bim ɗin kuwa har gobe ana murza shi a ƙasashe da yawa bisa awo rubutacce.

To mu dawo gida. Kwanaki wani maginin da muke mutunci da shi ya kawo mana guntun rodi da ya saya a wani waje da sunan 16mm, muka sa abin awo sai ga shi bai kai ba, kuma an riga an zuba dekin da shi, mutane za su kwana a ƙarƙashi da yaransu. Na kasa barci ranar. Narka jari bola a yi rodi ba laifi ba ne, laifin shi ne a rage kauri a bar sunan yadda yake.

Don haka ku riƙe wannan, rodin 12mm mai tsawon mita 12 nauyinsa wajen kilo 10.6 ne, na 16mm kuma wajen kilo 19, in ya yi ƙasa sosai da haka kar ku karɓa ko daga hannunmu ne. Bim kuma ku zo da zanen injiniya ko ku turo hotonsa ta WhatsApp, ba za mu ƙara zaɓa wa kowa da ido ba. In faranti aka yi wa walda ya zama bim za mu faɗa muku a rubuta a rasit, kar a ɗauka murzajje ne.

Awon bai wuce minti goma ba, akwai benci da ruwan sanyi. Wanda ke sauri ya kira da safe mu ware masa kaya kafin motarsa ta iso, sai a auna a gaban direba.

Allah ya tsare mana gine-ginenmu da waɗanda ke cikinsu, ya sa albarka a nema.

Naku,
Mai shago da yaransa