Amsa Ga Ɗalibin Da Ya Tambaye Ni Batun Gadar Khaju

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar da na nuna hoton gadar Khaju ta birnin Isfahan da ke ƙasar Iran, ka miƙe a gaban jama'a ka ce, "Malam, gadar da babu ruwa a ƙarƙashinta, me za mu koya a jikinta?" Lokaci ya ƙure ban amsa maka ba, maganar kuwa ta tsaya mini a rai.

Gaskiyarka, kogin Zayande Rud, wanda gadar ke kansa, yakan yi watanni a ƙafe. Sai dai waɗanda suka gina gadar wajen 1650, zamanin Sarki Abbas na Biyu na daular Safawiyya, sun yi ta ne don ta riƙe ruwa, ba don a haye kawai ba. Tsawonta mita 133 ne, hawa biyu. Ƙasan dutse ne, kuma a bakin kowane baka, wato ƙofa mai lanƙwasasshen sama da ruwa ke bi ta ciki, an bar wurin saka allunan katako. In aka rufe, ruwa ya taru a bayanta kamar tafki, a ja shi zuwa lambuna. In aka buɗe, ya gangaro kan matakalan dutse yana kumfa, mutane na zaune a gefe sun tsoma ƙafa. Gada ce, madatsa ce, dandali ce. Saman kuma jan bulo ne: tsakiya hanyar dawakai da ayari, gefe biyu rumfunan masu tafiya a ƙasa, a tsakiyar gadar ga soron da sarki ke zama ya kalli ruwa.

Yayarta a birnin, gadar Si-o-se-pol, mai baka 33, wadda kwamandan sojan daular, Allahwardi Khan, ya kammala wajen 1602, ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ni dai Khaju ce ta fi kwanta mini, saboda har yau da dare mazan Isfahan kan taru ƙarƙashin bakunanta su rera waƙa, ginin na dawo musu da murya.

Ƙafewar kogin kuwa, ban da fari, aikin mutum ne: madatsa a can saman kogin, bututun da ke kai ruwa birnin Yazd, masana'antun ƙarfe, rijiyoyi ba iyaka. Ƙasar birnin na nutsewa sannu a hankali, masana na tsoron tushen gadojin ya tsage. A Nuwamban 2021 manoma suka kafa tantuna a busasshen kogin, dab da Khaju, dubban mutanen gari suka mara musu baya, suna neman a sako musu ruwansu.

Ka zo ofis ranar Litinin, mu zana ƙofofin ruwan nan tare.

Malaminka.