Rabin magana kuka faɗa a kan kurkum

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Gaskiya raina ya ɓaci da shirinku na lafiya na daren Talata a rediyo. Baƙon da kuka kawo ya cinye lokacin yana yabon kurkum, wai a dama cokali guda a ruwan zafi a sha da sassafe kafin a sa komai a baki. Haba Malam! Mai yin haka asarar kuɗinsa kawai yake yi. Kurkumin, wato sinadarin da ake nema a ciki, ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. Kuma dama ɗan kaɗan ne, kusan kashi 3 cikin 100 na garin. Ɗan abin da hanji ya tsotsa ma, hanta ce ke saurin sarrafa shi ta fitar kafin jini ya samu wani abin kirki.

Mahaifiyata na fama da ciwon gwiwa, kuma kun san yadda hunturun Jos ke yi wa tsofaffi. Ta daɗe tana shan kurkum a ruwan zafi saboda irin wannan shawara, ba abin da ta samu sai ɗacin baki da kofi mai launin ɗorawa. Ƙanwata da ta karanta harhaɗa magunguna ce ta hana ta. Ta ce a zuba shi a madara mai ɗumi, ko a miyar da aka yi da man gyaɗa, a barbaɗa ɗan masoro, a ci tare da abinci. Masoro na da sinadarin fiferin, shi ke rage saurin da hanta ke yi. A 1998 masu bincike a Bangalore ta Indiya sun ba mutane giram 2 na kurkumin da miligiram 20 na fiferin, kurkumin da ya shiga jini ya ninka na waɗanda suka sha shi ba fiferin har sau 20. Ba zan ce Mama ta warke ba, har yanzu tana zuwa asibiti, amma yanzu tana sauka ƙasa ta yi sujada ba tare da mun riƙe ta ba. Duk wannan baƙonku bai ambata ba, mai gabatarwa kuma bai tambaya ba, sai "ƙwarai, ƙwarai" yake ta yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, baƙon ya ce kowa na iya sha. Ba kowa ba! Yadda fiferin ke tsare kurkumin a jiki, haka yake iya tsare wasu magungunan asibiti. Mai shan maganin tsinka jini, da mai tsakuwa a matsarmama, da mai juna biyu, duk sai sun tambayi likita. A Italiya a 2019 an samu masu ciwon hanta bayan shan ƙwayoyin kurkum da ake sayarwa. Jami'ar Jos na da tsangayar harhaɗa magunguna nan kusa da ku. Don Allah ku gayyato masani daga can ya gyara wannan magana, domin tsofaffinmu sun yarda da rediyo fiye da mu 'ya'yansu.

Sannan layin wayar nan naku, Malam Edita, kullum a kashe yake ko a cike. Na yi ta kira a daren har shirin ya ƙare, amma mutum biyun nan da muka saba jin muryarsu kowane mako su ne suka sake shiga. Ku ƙara layi.

Mai sauraronku,
daga Anguwar Rogo, Jos