Buɗaɗɗiyar wasiƙa: Shin cocin Mormon ce ke mulkin Utah?

Malam, barka da war haka.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko cocin Mormon, wata ɗariƙar Kirista mai hedikwata a jihar Utah ta Amurka, ita ce ke zaɓa wa jihar gwamna da 'yan majalisa. A'a, ba ta tsayar da ɗan takara. Amma wanda ya ce maka ba ta da hannu a mulkin jihar bai gaya maka gaskiya ba.

A da ba a ɓoye abin. Brigham Young shi ne shugaban coci, shi ne kuma gwamnan yankin har 1858. Sai da cocin ta sanar da daina auren mace fiye da ɗaya a 1890, aka rushe jam'iyyar mabiyanta a 1891, sannan Utah ta zama jiha a 1896. Da Reed Smoot, ɗaya daga cikin manyan jagororinta 12, ya zama sanata a 1903, majalisar dattawa ta yi ta bincikensa har 1907 kafin ta bar masa kujerarsa.

Yau ƙa'idar cocin ita ce ba kamfe a ɗakin ibada, ba kuma miƙa wa ɗan siyasa jerin sunayen mabiya. Ga tsohon sanata Mitt Romney ɗan jam'iyyar Republican, ga marigayi sanata Harry Reid na jihar Nevada ɗan jam'iyyar Democrat, duk 'yan cocin ne.

Ƙarfin cocin yana majalisar dokokin jihar. Kujeru 104 ne, kusan tara cikin goma na mabiyanta ne. Limaman cocin na unguwa-unguwa ba sa karɓar albashi, lauyoyi ne da 'yan kasuwa da malamai, mutanen da kowa ya sani tun kafin su nemi ƙuri'a. Cocin kuma tana tura wakilai majalisa duk lokacin da aka taɓo giya, caca ko aure. Har gobe babu cacar da doka ta halatta a Utah.

Inda abin ke ci min rai shi ne 2018. Cocin ta yi adawa da shirin halatta wiwi don magani. Tun kafin zaɓe ta zauna da shugabannin majalisa da wasu masu goyon bayan shirin, aka tsara wata doka mai tsauri. Jama'a suka amince da shirin farko a Nuwamba, a Disamba majalisa ta yi zama na musamman ta musanya shi da waccan doka mai tsauri. Ba a karya doka ba, amma an yanke maganar a ɗakin da mai ƙuri'a ba shi da kujera, musamman wanda ba ɗan cocin ba.

Na gode, a huta lafiya.