Wasiƙa daga Tuson: na ga ƙanin gaiwa

Salam mutumina Habu, ya gida ya iyali, ya su Inna? Fatan damina ta sauka lafiya a Haɗeja.

Kai ne kullum kake min tsiya wai na baro fadama na taho hamada, to ashe nan Tuson, a jihar Arizona ta Amurka, su ma suna da tasu damina, a watan Yuli take zuwa da tsawa da walƙiya bayan zafin da ke wuce digiri 40. Shekaranjiya da daddare aka tafka ruwan farko, ina kwance sai na ji kuka ta bayan gida kamar an ɗaure tumaki an hana su abinci, na ce ikon Allah wa ke kiwo a unguwar nan? Na ɗau tocila na fita, ashe kwaɗi ne cike da wani ɗan kududdufi a wurin da da safe busasshiyar ƙasa ce ƙayau.

Maƙwabcina ya kamo ɗaya ya nuna min. Bai kai rabin burduddugi ba, idonsa irin na kyanwa, sannan a kowace ƙafar baya akwai wani baƙin abu mai tauri kamar ƙaramin lauje, da shi yake haƙa ƙasa, kuma da baya da baya yake shiga, muna ajiye shi ya yi ta murza gindi har ya ɓace. Sai ya yi wata goma a binne, wani har zurfin kusan mita 1, ba ci ba sha. Wai gishirin fitsarinsa yake tarawa a jiki, shi ke janyo masa damshin ƙasa ta fata. Rugugin tsawa da dukan ruwa su ke tashinsa.

Abin da ya fi ɗaure min kai saurinsu. Daren da suka fito a daren suke saka ƙwai, kafin kwana biyu ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 9 ko 10 ƴaƴan sun fid da ƙafa sun bar ruwan, don in kududdufin ya riga su ƙafewa shi kenan sun zama abincin tsuntsu. Manyan kuma cinge suke dira wa, cin dare ɗaya ko biyu ya riƙe su har baɗi, kai ko lokacin azumi ba ka taɓa sahur irin wannan ba.

Wallahi gaiwa na tuna, yadda muke bin Kawu da rani yana haƙo ta a busasshen laka cikin kwasfarta, kana cewa ai ta mutu. Ni dai da na taɓa wannan na shafa fuska sai atishawa da hawaye, ashe fatarsa na da abin da ke sa haka, ba wanda ya faɗa min.

Na turo maka muryarsu ta WhatsApp, ka kunna wa Kawu kar ka faɗa masa, mu ji ko zai ce tunkiya ce.

Naka,
Bashir